Na'urar gano iskar gas ta infrared

Na'urar gano iskar gas ta infrared, wadda ake taƙaitawa da NDIR, na'ura ce da ke auna yawan methane, carbon monoxide da carbon dioxide a cikin iska. A cikinta akwai fitila mai fitar da hasken da ido ba ya gani, da ɗan bututu da iska ke ratsawa, da ma'auni a ƙarshensa. Kowace iska daga cikin ukun nan tana shan hasken a nata zango: methane a kusan mikiromita 3.3, carbon dioxide a 4.26, carbon monoxide a wajen 4.6. Gwargwadon hasken da ya ragu, gwargwadon yawan iskar. Na'urar ba ta gano haidirojin ko iskar oksijin.

John Tyndall ne ya nuna wannan ɗabi'a ta iska ta shan hasken infrared a 1859, Bajamushe Karl Luft kuma ya wallafa tsarin na'urar a 1943. A watan Maris 1958 Charles Keeling ya fara auna carbon dioxide da ita a Mauna Loa, Hawaii. Ana amfani da ita a ramukan haƙar kwal, matatun mai, da ɗakunan tiyata don lura da numfashin majiyyaci.