Littattafan Star Wars: Daga Wanne Ya Kamata A Fara?

Littattafan da aka gina kan finafinan Star Wars sun kasu gida biyu. Bayan Disney ya sayi Lucasfilm a 2012, kamfanin ya cire tsoffin littattafan daga asalin labarin a watan Afrilun 2014, ya laƙaba musu suna Legends. Wanda bai san da wannan ba yana iya kashe kuɗinsa kan littattafai biyu masu ƙaryata juna.

A tsohon rukunin, ƙofar shiga ita ce Heir to the Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito a 1991. Labarinsa ya faru shekara biyar bayan Return of the Jedi, kuma a cikinsa aka fara ganin Thrawn, kwamandan da ke nazarin zane-zanen abokan gaba kafin ya far musu.

A sabon rukunin kuwa, mai sha'awar siyasa gara ya fara da Bloodline na Claudia Gray, na 2016. Leia sanata ce a majalisar da ta dare gida biyu, tsakanin masu neman gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da masu kare 'yancin kowace duniya, har wani abokin hamayya ya tona a zauren majalisa cewa Darth Vader ne mahaifinta.