Amanar gawa: tarihin nauyin da dokar Faransa ta ɗora wa ƙungiyoyin da ke ɗibar sassan jikin mamata, 1947-2016

Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu bi tarihin wata tambaya ta shari'a. Idan aka ciri wani sashe daga jikin mamaci domin a yi wa mai rai magani da shi, wane nauyi ne ke kan ƙungiyar da ta yi aikin, kuma gaban wa za ta amsa idan abu ya ɓaci? Mun ɗauki misalin ƙasar Faransa saboda dalili biyu. Na farko, kundin dokokin zamantakewa na Nijar ya samo tushe ne daga na Faransa, don haka kalmominsa ba baƙi ba ne ga masu nazarin shari'a a nan. Na biyu, a can ne aka yi wata masifa wadda ta tilasta wa ƴan majalisa da alƙalai su sake duba al'amarin tun daga tushe.

Abin da muke so mu nuna shi ne, shekara arba'in da ƴan kai dokar Faransa ta fi mai da hankali ga tambaya guda, wato ko mamaci ya yarda a taɓa gawarsa. Ita kuwa ƙungiyar da ke ɗibar sassan, wadda ke riƙe da amanar mutum uku, mamaci da iyalinsa da marar lafiyar da za a saka wa sashen, an bar ta kusan babu ƙa'ida. Sai da aka yi hasarar rayuka sa'an nan aka rubuta mata nauyinta.

1. Zamanin neman izini, 1947-1976

Ran 20 ga watan Oktoba na shekarar 1947 gwamnatin Faransa ta fitar da wata doka wadda ta ba wasu asibitoci, waɗanda ministan lafiya ya lissafa, damar buɗe gawa da cirar wani abu daga jikinta ba tare da jinkiri ba, ko da iyali ba su ba da izini ba, muddin babban likita ya ga akwai amfani ga ilimi ko ga magani. Shekara biyu bayan haka, ran 7 ga Yuli 1949, aka yi dokar da ake kira dokar Lafay, wadda ta shafi ido kaɗai: ana iya cirar tantanin gaban ido a dasa wa makaho idan mamacin ya yi wasiyya da idanunsa tun yana raye.

Da ilimin dashe ya ci gaba, sai batun lokacin mutuwa ya taso, domin ƙoda da zuciya ba su jure jira. A 1959 likitoci biyu na Paris, Mollaret da Goulon, suka bayyana halin mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali na'ura na riƙe da numfashinsa. Ran 24 ga Afrilu 1968 minista Jeanneney ya sa hannu ga takardar da ta amince da wannan hali a matsayin mutuwa, kuma kwana uku bayan haka Christian Cabrol ya yi dashen zuciya na farko a Turai, a asibitin La Pitié. Daga ƙarshe, ran 22 ga Disamba 1976, dokar Caillavet ta kafa ƙa'idar da har yanzu ake bi a ƙasar: duk baligin da bai nuna ƙin yarda ba tun yana raye, ana ɗaukarsa ya yarda.

Idan muka dubi waɗannan dokoki, za mu ga duk suna amsa tambayar likita ce: yaushe ne nake da damar cira? Amma wa ke tattarawa, wa ke ajiyewa, wa ke rabawa? Wannan aiki hukuma ta bar shi ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda aka kafa bisa dokar ƙungiyoyi ta 1901. A 1969 Jean Dausset ya kafa France-Transplant domin raba gaɓoɓi tsakanin asibitoci. A 1973 kuma aka kafa France-Hypophyse, wadda labarinta ne zuciyar wannan takarda.

2. Masifar sinadarin girma

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutum akwai wata ƴar tsoka wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba, Faransawa na ce mata ifofiz. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke sa yaro ya yi tsawo. Yaron da jikinsa ba ya fitar da wannan sinadari yakan tsaya wada. A wancan zamani ba a iya haɗa sinadarin a masana'anta, na dabba kuma ba ya aiki ga mutum, saboda haka hanya ɗaya ce ta rage, a tatso shi daga gawawwakin mutane.

An raba aikin kashi uku. Ƙungiyar France-Hypophyse ce ke tattara tsokar daga ɗakunan ajiye gawa na asibitoci, ita ce kuma ke zaɓen yaran da za a ba magani. Wani ɗakin bincike na cibiyar Pasteur ne ke tace sinadarin. Babbar ma'ajiyar magunguna ta asibitocin Paris kuma ita ce ke zuba shi a kwalabe ta raba. Da buƙata ta ƙaru, sai aka faɗaɗa tattarawar, har ana sayo tsokar daga Bulgariya da Hungari. Rahoton masu binciken ma'aikatar lafiya na 1992 ya nuna cewa a wurare da yawa ma'aikatan ɗakin gawa ne ke yin cirar, ana ba su ƴan kuɗi kaɗan a kan kowace tsoka, kuma ba a kula sosai da irin ciwon da ya kashe mamacin ba, har da waɗanda suka mutu a sashen ciwon ƙwaƙwalwa da na tsofaffi.

A nan haɗarin yake. Akwai wani ciwo da ake kira Creutzfeldt-Jakob, wanda ke cinye ƙwaƙwalwa, ba shi da magani, kuma yana iya ɓoyewa cikin jiki shekara goma ko ashirin kafin ya bayyana. Tun da ana haɗa tsoka mai yawan gaske wuri ɗaya a tace, tsoka guda daga mai wannan ciwo ta isa ta gurɓata maganin yara masu yawa. Tun a 1980 Luc Montagnier na cibiyar Pasteur ya rubuta takarda yana gargaɗi a kan wannan haɗari. A watan Afrilu 1985 Amurka ta dakatar da maganin bayan mutuwar wasu matasa da aka yi wa allurarsa suna yara. Faransa ba ta dakatar ba, sai dai ta ƙara wani mataki na tsabtacewa, ta ci gaba har 1988, lokacin da sinadarin masana'anta ya maye gurbin na gawa.

Yara 1,698 ne aka yi wa allurar tsakanin 1983 da 1985, shekarun da gurɓatar ta auku. Kusan 120 daga cikinsu suka mutu da wannan ciwo, ɗaya bayan ɗaya, shekara bayan shekara. Waɗannan yara ba mutuwa ke jiransu ba kafin maganin, tsawo kawai ake nema musu. Sauran kuwa sun girma ba su san ko ciwon na kwance a jikinsu ba.

3. Al'amarin Amiens

Wannan masifa ta shafi amanar mai karɓa. A daidai lokacin kuma wani al'amari ya tono batun amanar iyali. A watan Agusta 1991 wani saurayi ɗan shekara 19 ya rasu a babban asibitin Amiens bayan hatsarin hanya. Iyayensa suka yarda a ciri wasu gaɓoɓinsa. Daga baya ne suka gano cewa an ciri abin da ya wuce wanda aka faɗa musu, har da idanunsa, waɗanda aka maye da na roba. Suka kai ƙara a 1992, jaridu suka ɗauki labarin.

Matsalar shari'a a nan ita ce dokoki biyu na aiki tare ba su jitu ba. Dokar 1949 na neman wasiyya kafin a taɓa ido, dokar 1976 kuma na ɗaukar shiru a matsayin yarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu ko ɗaya cikin dokokin da ta fayyace abin da ya wajaba a gaya wa iyali. Abin da ya biyo baya shi ne dashen tantanin ido ya ragu ƙwarai a ƙasar, aka bar masu jiran gani suna jira. Wannan ya nuna cewa ƙungiyar da ta ɓata amanar iyali ɗaya tana cutar da marasa lafiyar da ba ta taɓa gani ba.

Kada mu manta cewa a watan Oktoba 1992 ne kotu ta yanke wa Michel Garretta, shugaban cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, ɗaurin shekara 4 a kan jinin da ya gurɓata da cutar sida. Jini, sinadarin girma, ido: al'amura uku cikin ƴan shekaru, duk a kan abin da aka ɗiba daga jikin wani.

4. Dokokin 1994

Amsar majalisa ta zo kashi biyu. Dokar 18 ga Janairu 1994 ta kafa hukumar gwamnati, Établissement français des greffes, wadda ta karɓi aikin France-Transplant, ta riƙe jerin sunayen masu jiran dashe na ƙasa baki ɗaya. Sa'an nan dokokin 29 ga Yuli 1994 suka soke dokar Lafay da ta Caillavet, suka riƙe ƙa'idar shiru yarda ne, amma suka kewaye ta da wajibai.

Game da mamaci, kundin dokokin zamantakewa ya tanadi cewa jikin mutum da sassansa ba dukiya ba ne, ba a saye ba a sayarwa, kuma wanda ya sayi gaɓa na fuskantar ɗaurin shekara 7. Likitan da ya tabbatar da mutuwa dole ya kasance daban da masu cira da masu dashe. Ba a biyan likita bisa yawan abin da ya cira, kuma wajibi ne a mai da gawa cikin kyakkyawar kama. An tanadi rajistar masu ƙin yarda, wadda ta fara aiki a 1998. Game da iyali, idan likita bai san ra'ayin mamaci ba, dole ya nemi shaidarsu. Game da mai karɓa kuwa, babu asibiti ko ma'ajiyar sassan jiki da za ta yi aiki sai da izinin hukuma na ƙayyadadden lokaci, kuma wajibi ne a gwada mai bayarwa domin cututtuka masu yaɗuwa.

Dokar 6 ga Agusta 2004 ta kafa Agence de la biomédecine, wadda ta gaji hukumar dashe a 2005. A 2004 ɗin kuma Tarayyar Turai ta wajabta cewa kowane sashe a iya bin sawunsa daga mai bayarwa zuwa mai karɓa, a kuma ajiye bayanin aƙalla shekara 30.

5. Abin da kotuna suka iya da abin da suka kasa

Iyayen yaran sun shigar da ƙarar farko a watan Disamba 1991. A 1993, lokacin minista Simone Veil, gwamnati ta amince ta biya diyyar faran miliyan 2 ga iyalin kowane yaro da ciwon ya kama. Ta fuskar diyya an samu hukunci: a 2002 kotun Montpellier ta ɗora wa cibiyar Pasteur da France-Hypophyse alhakin mutuwar wata matashiya, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da alhakin cibiyar ran 24 ga Janairu 2006. Dokar 30 ga Disamba 2002 ta mai da nauyin da ke kan France-Hypophyse ga hukumar diyya ta ƙasa, ONIAM.

Ta fuskar laifi kuwa labarin dabam ne. Sai a watan Fabrairu 2008 aka fara shari'ar likitoci da masu harhaɗa magunguna bakwai, shekara 16 bayan ƙarar farko. Shugaban ƙungiyar, Jean-Claude Job, ya rasu kafin a yanke hukunci. Ran 14 ga Janairu 2009 kotu ta wanke sauran shida, bisa hujjar cewa ilimin wancan lokaci bai isa a tabbatar sun san haɗarin ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake wanke biyu daga cikinsu a 2011. A watan Janairu 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ce waɗannan biyu sun yi sakaci, amma cikin aikin da aka ɗora musu, don haka diyya ba ta hau kansu ba.

Ita ƙungiyar fa? A Faransa ba a fara tuhumar ƙungiya da laifi a matsayinta na ƙungiya ba sai da sabon kundin hukunta laifuffuka ya fara aiki ran 1 ga Maris 1994, kuma dokar laifi ba ta komawa baya. Ke nan alƙalai sun nemi laifi a hannun mutum ɗaya ɗaya, alhali aikin an raba shi ne tsakanin ma'aikatu uku, kowace na riƙe da kashinta, babu wadda doka ta ɗora wa dukan sarƙar.

Kammalawa

Daga wannan tarihi muna iya cewa yardar mamaci mataki ne na farko kawai. Dokar 1976 ta warware matsalar likita, ta ba shi izini, amma izinin bai kare yaro ko ɗaya daga gurɓatacciyar allura ba, bai kuma hana iyayen Amiens baƙin ciki ba. Abin da ya kawo gyara shi ne rubuta wajiban ƙungiya dalla-dalla: wa za ta tambaya, me za ta gwada, me za ta rubuta ta ajiye, wace hukuma ce za ta iya janye mata izini. Duk ƙasar da za ta buɗe ma'ajiyar ido ko ta fara dashen ƙoda daga mamata tana da damar rubuta waɗannan wajibai kafin a ciri sashe na farko. Faransa ta rubuta nata a 1994, shekara 9 bayan allurar ƙarshe da ta gurɓata.