Daga Aro zuwa Sabo: yaro na buƙatar maigida

A shekarar 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle mai taɓin hankali, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, tare da wani danginsa mai kula da shi. Da safe ya je wurin likita, da yamma ya dawo cikin mutane. Duniya ta yaba, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mu a zango wannan ba baƙon abu ba ne. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, saurayin da ya biyo shanu ko ya zo sayen goro wurin maigida yake sauka. Shi ke ba shi makwanci da tuwo, ya san inda ya yini. In bai gan shi a sallar asuba ba, ya tambaya. Rigakafi ke nan, tun kafin damuwa ta kai yaro ga ƙwaya.

Yau fa? Yaro ya diro daga tirela, ya kama acaɓa, ya kwana a bakin shago, ba mai cigiyarsa. A 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma doka ba ta tambayar yaro ko ya ci abinci. Jama'a, kowane mai shago a cikinmu ya ɗauki yaro guda ya zame masa maigida. Allah ya shirya mana zuri'a.