Ɗaki Ɗaya, Tsofaffin Kwamfutoci: Yadda Aka Fara Buɗe wa 'Ya'yan Talakawa Ƙofa



Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Mu da ke Toranke da ƙauyukan Ajingi da Gaya mun san abin da wannan ya jawo. Mun ga ɗalibi mai ƙwazo ya kwana da littafi wata da watanni, ranar jarrabawa kuwa ita ce ranar da ya fara zama gaban kwamfuta. Kafin hannunsa ya saba, lokaci ya tafi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa da mu a Wudil, wadda aka buɗe a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, amma hanyar shigarta ta bi ta kan na'urar da yawancin yaranmu ba su taɓa taɓawa ba. Wasu sun riga mu fuskantar wannan matsala, ya kamata mu san yadda suka yi.

A birnin Boston na Amurka a da akwai wani gidan nuna kayan tarihin kwamfuta. An taɓa shirya wa yara wani ɗan gajeren horo a wurin. Da aka gama, sai yaran unguwannin marasa galihu suka riƙa dawowa, har wasu na shiga a ɓoye, domin babu inda za su sami irin kayan a gida ko a makaranta. Maimakon a kore su, sai ma'aikatan gidan da malaman jami'ar MIT, cikinsu har da Natalie Rusk da Mitchel Resnick, suka ware musu ɗaki a 1993, suka sa masa suna Computer Clubhouse. Kyauta ne, bayan an tashi daga makaranta. Ba a jera yara ana yi musu lacca. Kowa yakan zo da abin da yake so ya ƙirƙira, zane ko kiɗa ko bidiyo, wani babba da ya ba da kansa ya zauna kusa da shi yana nuna masa. A shekarar 2000 kamfanin Intel ya sa kuɗi, ɗakunan suka yaɗu har suka kai kusan 100 a ƙasashe kimanin 20. Aikin da aka yi da waɗannan yara ne ya taimaka wajen haifar da manhajar Scratch a 2007, wadda yara ke koyon tsara manhaja da ita kyauta har yau.

Kada mu ce wannan sai Amurka. A 1996, zamanin mulkin soja, lokacin da layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, wayar salula ta GSM kuwa sai 2001 ta zo, wasu mutane a Kano suka fara wani ɗan shiri na koya wa jama'a kwamfuta mai suna Computer Literacy Project. A shekarar 2000 aka faɗaɗa shi ya zama cibiyar CITAD, wadda Injiniya Yunusa Zakari Ya'u ya daɗe yana jagoranta. Ta horar da matasa da mata, ta riƙa shirya gasar kacici-kacici kan fasahar sadarwa tsakanin makarantun sakandare, ta buɗe rassa a wasu jihohin Arewa, har ta kafa rediyo ta intanet. CITAD ba ƙungiyar ikilisiya ba ce, kuma ba ma jin kunyar koyo daga maƙwabtanmu in sun yi abin kirki.

A wannan shekara ta 1996 ɗin dai aka kafa gidauniyar Fantsuam a Kafanchan, kudancin Jihar Kaduna, ƙarƙashin jagorancin Dokta John Dada. Sun zauna a Bayan Loko, unguwar talakawa, suka haɗa ba mata ƙananan rance da koyar da kwamfuta. Tsofaffin kwamfutocin da aka gyara suka yi aiki da su, suna fama da rashin wutar lantarki da zafi da ƙura, irin waɗanda muke fama da su a nan. A 2001 cibiyar koyonsu ta Bayan Loko ta ci lambar yabo ta Hafkin, wadda aka ware wa nahiyar Afirka. Daga baya suka kafa hanyar intanet marar waya mai suna Zittnet domin makarantu da ƙungiyoyin yankin.

Abu ɗaya ya haɗa Boston da Kano da Kafanchan: babu wanda ya jira sai kaya sun cika. Da rarrafe yaro kan tashi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Makarantar Lahadi da muka taso a cikinta, Robert Raikes ya fara yaɗa ta a Gloucester ta Ingila a 1780 domin yaran da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako, kuma karatu aka fara koya musu, don su iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu.

Ku karanta Yohanna sura 6. Filibus ya yi lissafin kuɗin da babu, ya ga dinari 200 ma ba za su isa ba. Andarawas kuwa ya kawo yaron da ke riƙe da gurasa biyar da kifi biyu, ko da shi ma yana shakka. Abin da aka miƙa wa Ubangiji shi ya sa wa albarka. Mu kam mun daɗe muna lissafin Filibus.

Ga abin da muke roƙon zumuntar matasa ta ɗauka. A cikinku akwai waɗanda suka yi karatu a birni, suka iya kwamfuta. Akwai 'yan'uwanmu ma'aikata da suka ajiye tsofaffi a cikin akwati. Biyu sun isa a fara, da farantin sola ɗaya, da yamma biyu a mako. A fara da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, a tabbata 'yan mata sun sami rabonsu daidai da maza. Bayan gwajin jarrabawa, a bar yara su ɗauki muryoyin kakanninsu a waya, su koyi gyara hoto da bidiyo, a kuma koya musu gujewa caca da damfara ta intanet. Ɗan maƙwabci Musulmi in ya zo da yardar iyayensa, a karɓe shi, a koya masa abin da aka ce za a koya, ba tare da wata ɓoyayyar manufa ba. Amanar iyaye ita za ta riƙe wannan aiki.

Duk wanda yake da abin bayarwa, kwamfuta ko lokaci, ya ga shugabannin zumunta bayan sujada ranar Lahadi.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka karɓi ɗan abin da ke hannunmu, ka sa ya ishi yaran garinmu, cikin sunan Yesu. Amin.