Yadda Hana Babur Ya Haifi Keken Lantarki a Biranen Sin

Har zuwa shekarun 1980, zuwa wurin aiki bai cika damun ma'aikacin birni a ƙasar Sin ba. Ma'aikatar da ta ɗauke shi ita ke ba shi gida, galibi a kusa da ita, don haka keken ƙafa irin su Flying Pigeon da Phoenix ya wadatar da shi. A 1998 gwamnati ta soke wannan tsari na rabon gidaje. Mutane suka koma saye ko haya, kuma gida mai araha sai a bayan gari. Tafiya ta fi ƙarfin ƙafa.

Babur ne ya kamata ya cike giɓin, amma birane da dama sun riga sun daina ba shi lamba, wasu ma sun hana shi shiga tsakiyar gari, saboda hayaƙi da haɗurra da masu fizgen jaka. Wanda ya ga yadda Adaidaita Sahu ta mamaye Kano bayan hana acaɓa a 2013 zai fahimci abin da ya biyo baya: an kori abin hawa, amma masu sammakon fita aiki suna nan.

Ƙofar da aka bari a buɗe ita ce ƙa'idar ƙasa ta 1999. Ta ce abin hawa mai batir da ke da feda, wanda nauyinsa bai wuce kilo 40 ba, gudunsa kuma bai wuce kilomita 20 a awa ba, keke ne. Dokar kiyaye haɗurra ta 2004 ta tabbatar da haka. Ke nan mai shi ba ya buƙatar lasisin tuƙi, kuma yana da ikon bin layin kekuna. Masana'antu suka yi ta ƙera abin da ko makaho ya shafa ya san ƙaramin babur ne, su liƙa masa fedar da ba mai taka ta. Annobar SARS ta 2003 ta ƙara musu kasuwa, domin jama'a sun tsorata da cunkoson bas.

Hukumomi ba su yi maraba da shi ba. Beijing ta sanar a 2002 cewa za ta hana shi, sannan ta janye a farkon 2006, lokacin da haramcin ya kamata ya fara aiki. Yau ana yabonsa da rage hayaƙi, amma wannan yabo daga baya ya zo. Masu sayensa sauƙin farashi da isa aiki kan lokaci suka duba, kuma yawancin baturan na dalma ne, wadda ita ma guba ce.

A 2019 aka ɗaga ƙa'idar zuwa kilomita 25 da kilo 55, wato doka ta bi sawun titi. Kekunan yanzu sun haura miliyan 300, kuma damuwar ta koma wurin ajiya da caji. A Fabrairun 2024 wuta ta tashi inda ake ajiye su a ƙasan wani dogon bene a birnin Nanjing, ta hallaka mutum 15.