2.2 Minjibir da Sana'ar Saƙa

Minjibir gari ne da ke arewa maso gabas da birnin Kano, a karkarar da gona ke haɗe da gona. Kasancewar ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, a da magidanci ba ya dogara da damina kaɗai. Da zarar an kawar da amfanin gona sai ya koma bakin saƙa. A wancan zamani mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, maza kuma su saƙa sawaye. Daga nan sai marina da mabuga, sannan Kasuwar Kurmi. Irin wannan tufa ce Bature Heinrich Barth ya tarar a Kano a shekarar 1851 fatake na kai ta har Tambutu.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karkata hankalin manoma ga gyaɗa, ta kuma sauƙaƙa shigowar yadin Ingila. Bugu da ƙari, masaƙun zamani, irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1957, sun daɗa rage wa masaƙan gargajiya ciniki. Mafi yawan wannan tarihi yana bakin tsofaffi ne, in ba a rubuta shi ba kuwa, zai bi su kushewa.