ABINCIN DA YA RIƘE TSOHINMU NA KURFAI



Duk wanda ya tashi a Shikal ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san irin tsohin da muka tarar: mutum ya haura shekara saba'in amma yana ɗaukar hauyarsa ya nufi gona, ranar Lahadi kuma ya taka da ƙafa ko ya hau jaki zuwa kasuwar Filinge. Kada mu ruɗi kanmu mu ce zamaninsu daɗi ne. Waɗanda muka gani su ne ragowar da yunwa da ƙyanda suka bari.

A 1931, bayan fara ta cinye hatsi, ga kuma harajin Nasara bai tsaya ba, yunwa ta kashe mutane da yawa a yammacin Nijar, wasu suka watse ba su koma ba. Abin da ya riƙe sauran shi ne daji. Mata su tsinko ƴaƴan anza, su jiƙa su kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ga jiga, ga tafasa, ga yaɗiya, ga aduwa da magariya. Ko a shekarar ƙoshi ba a raina waɗannan ba: fura da nono da rana, tuwon gero da miyar kuka ko yakuwa da dare, daddawa ce magin miya. Sukari kuwa sai baƙo ya zo.

Farin 1973 da na 1984 ne suka sauya tukunya. Shanu suka mutu, nono ya yi wuya, hatsin taimako ya shigo, samari muka bazama Yamai da Kwatano da Abijan da Legas. Da muka fara samun ɗan abin hannu, me muka aika gida? Shinkafa, taliya, mai, dunƙulen magi, sukari da ganyen shayi. Shayin nan da a da muka sani wurin Buzaye, yau tsoho na shan sa kofi uku, sau biyu a wuni, kowane kofi zaƙi kamar zuma. Muka kuma ce wa iyayenmu su ajiye hauya su huta, don kada a ce ɗan wane yana birni ubansa na noma. Kunyarmu muka kare, ba lafiyarsu ba. Tsoho ya wuni kan tabarma, gwiwa ta sandare, hawan jini da ciwon sukari da kakanninmu ba su cika jin sunansu ba suka shigo gida.

Likitoci ba su zo da sabon abu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin magi. Babba kuma ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar masallaci sau biyar da kewaya garke ko ɗan lambu sun biya wannan. Ba mu ce a mai da tsoho kan anza ba, Allah ya kiyaye, amma gero da wake da zogale ba abincin talauci ba ne.

Maganin kyauta da gwamnati ta kawo a 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne da mata masu ciki. Tsohi ba sa ciki, nauyinsu a wuyanmu yake. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sai an auna ake ganin sa. Saboda haka mai aika kuɗi a wannan wata ya ware na kai tsohonsa asibiti a auna shi, ya rage buhun sukari ya sayi akuya mai nono, ya kuma bar masa ƴar gonar bayan gida.